Yadda ake gudanar da faɗa a tsohon wasan Dungeons & Dragons

Wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a shekarar 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kuma kamfanin TSR, wanda a lokacin yake garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin, shi ne ya buga shi. Wasa ne da ake yi a zaune a kewaye da tebur. Mutum ɗaya, wanda za mu kira alƙalin wasa, shi ke riƙe da duniyar labarin da dodannin da ke cikinta, sauran kuma kowa yana riƙe da jarumi ɗaya, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi da baki. Idan abu ya zo da shakka, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Tushen wasan kuwa yaƙi ne, domin ya tsiro ne daga Chainmail, wasan da Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, inda ake jera 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur ana kara runduna da runduna.

Dokokin sun sha gyara tun daga wancan lokaci. Wannan bayani zai bi bugun 1981, wato littafin masu farawa da Tom Moldvay ya tace da kuma na gaba da shi wanda David Cook ya tace, saboda shi ne mafi sauƙin bi, kuma wasan Old-School Essentials na wannan zamani dokokinsa ya ɗauka ya sake shiryawa. Abin da ya kamata sabon alƙali ya riƙe tun daga nan shi ne, jarumin matakin farko, wato sabon jarumin da bai riga ya tara gogewa ya hau mataki na gaba ba, yana da saurin mutuwa ƙwarai, kuma dokokin sun tanadi ƙofofin fita daga faɗa, wasu kafin a fara shi, wasu a tsakiyarsa. Alƙalin da ya tsallake waɗannan ƙofofi ya tafi kai tsaye ga sara da suka zai iya ƙarar da ayarin 'yan wasansa a zama ɗaya, sannan ya ɗora wa wasan laifin da ba nasa ba.

Kayan aiki da lambobin da ake riƙewa

Ana amfani da 'ya'yan ludo iri shida: mai fuska 4, mai 6, mai 8, mai 10, mai 12 da mai 20. Littattafan suna taƙaita su da harafi da lamba, ta yadda d20 yake nufin mai fuska ashirin, 2d6 kuma yake nufin a jefa masu fuska shida guda biyu a haɗa abin da suka nuna. Ban da su, ana buƙatar fensir da takarda. Mutum-mutumi ba dole ba ne. Murafun kwalba ko 'yan tsakuwa sun isa su nuna wa ke tsaye a ina.

Lamba ta farko da kowane jarumi yake da ita ita ce makin rai. Ana samun sa ta hanyar jifa ɗaya a kowane mataki: mayaƙi da wada (ɗan wani jinsin gajerun mutane na tatsuniya) suna jefa mai takwas, firist yana jefa mai shida, matsafi da ɓarawo kuwa mai huɗu kawai. Duk bugun da ya samu jarumi yana rage wannan maki, kuma a bugun 1981 da zarar ya kai sifili jarumi ya mutu, babu suma, babu jinya. Kada a ɗauka makin rai yawan jini ne ko kaurin fata. Gygax da kansa ya bayyana a littafin alƙalai na 1979 cewa mafi yawansa gwaninta ce da sa'a da iya kauce wa mugun sara, shi ya sa gogaggen mayaƙi yake jure abin da zai kashe doki. Wannan yana da amfani wajen ba da labari: bugun da ya rage maki 3 daga cikin 30 ƙujewa ce ko gajiya, amma wanda ya cinye makin ƙarshe shi ne wanda ya shiga jiki da gaske.

Lamba ta biyu ita ce lambar sulke, kuma a nan ne sababbin 'yan wasa suka fi ruɗewa, domin ƙasa take yi idan kariya ta ƙaru. Wanda ba ya sanye da komai lambarsa 9. Rigar fata tana mayar da ita 7. Sulke, irin dai na zobban ƙarfe da ake gani a jikin mahaya ranar hawan salla, yana mayar da ita 5. Cikakkiyar rigar ƙarfe ta Turai 3 ce. Garkuwa tana ƙara rage ɗaya, saboda haka mayaƙi mai rigar ƙarfe da garkuwa yana kan 2. Zafin nama ma yana taɓa ta: wanda makin zafin namansa ya kai 13 zuwa 15 ana rage masa ɗaya, 16 ko 17 biyu, 18 uku.

Lokaci kuma kashi biyu ne. Idan ayari yana tafe yana binciken ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ana ƙidaya da zango, kowane zango minti goma. Idan faɗa ya kaure, sai a koma ƙidaya da turmi, kamar a dambe, kowane turmi daƙiƙa goma. A babban bugun da ake kira AD&D turmi minti ɗaya ne cur, saboda haka kada a gauraya lissafin littattafan biyu.

Abu na ƙarshe kafin a shiga ko'ina shi ne, alƙali ya sa 'yan wasa su rubuta jerin tafiyarsu: wa ke gaba, wa ke tsakiya, wa ke tsaron baya, wa ke riƙe da fitila. Idan ba a rubuta ba, da zarar dodo ya bayyana kowa zai rantse cewa shi a tsakiya yake.

Kafin a zare takobi

Da an haɗu da wani abu, alƙali yana fara sanin tazara. Idan wurin bai riga ya nuna ta ba, sai ya jefa masu shida biyu ya ninka da goma, abin da ya fito shi ne ƙafa nawa ke tsakanin ɓangarorin biyu, daga 20 zuwa 120. Daga nan sai ya duba ko an shammaci wani. Kowane ɓangaren da bai san da zuwan ɗayan ba yana jefa mai shida, kuma idan 1 ko 2 ta fito an shammace shi, ya rasa turmi ɗaya yana tsaye baki sake. Hankali ne ke gaba da jifa a nan: ayarin da ke yawo da fitila cikin duhu, ko wanda ya gama dukan ƙofa da kafaɗa sau uku, ba zai shammaci kowa ba, don haka ba a yi wa dodannin jifa.

Sai matakin da aka fi mantawa da shi, wanda ni a ganina ya fi kowane muhimmanci. Alƙali ya tambayi 'yan wasa abin da suke nufin yi, ko magana, ko gudu, ko jira, ko farmaki, sannan idan bai riga ya san halin dodannin ba ya yi jifan tarba da masu shida biyu. Idan 2 ta fito, dodanni sun afka nan take. Daga 3 zuwa 5 suna nuna gaba kuma suna iya kai hari. Daga 6 zuwa 8 suna cikin shakka, ba su san yadda za su yi da baƙin ba. Daga 9 zuwa 11 ba za su kai hari ba, suna iya wucewa ko su saurari tayi. Idan kuwa 12 ce, tarba ce ta hannu bibbiyu. Farin jinin wanda ya yi magana da yawun ayari yana iya ƙara wa jifan ko ya rage masa. Wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga cewa cikin hanyoyi 36 da 'ya'yan ludo biyu za su iya faɗuwa, guda 26 suna ba da 6 ko fiye, wato mafi yawan haɗuwa ba da faɗa take farawa ba. A cikin wannan sarari ne ake cinikin hanya, ake ba da toshiyar baki, ake jin cewa ƙabilar dodannin nan ba ta ga maciji da ta ɗakin gaba. Matattu masu tafiya, irin su ƙwarangwal da aka tashe shi da sihiri don gadi, ba a ɓata lokaci wajen yi musu wannan jifa.

Yadda turmi ɗaya yake tafiya

Idan magana ta ƙi, sai a shiga turmi. Abu na farko, duk wanda zai yi sihiri ya faɗa tun yanzu, ya kuma ambaci wane sihiri ne, haka ma wanda yake son ja da baya daga cikin gumurzu. Bayan haka kowane ɓangare ya jefa mai shida guda ɗaya domin a san wanda zai riga, wanda lambarsa ta fi girma shi ne da fari. Ɓangare ɗaya jifa ɗaya, ba kowane jarumi da nasa ba, kuma ana sake wannan jifa a kowane turmi, ta yadda ɓangare ɗaya zai iya samun bugu biyu a jere idan ya zo ƙarshe a wannan turmi ya kuma zo farko a na gaba. Idan aka yi kunnen doki, alƙali yana iya sa a sake, ko ya bar abin ya faru a lokaci guda, har ma mutum biyu su soke juna su faɗi tare.

Ɓangaren da ya riga yana yin aikinsa a jere kamar haka: a fara gwada ƙarfin zuciyar dodanni idan da dalili, sai motsi, sai harbi, sai sihiri, sai kuma faɗan gaba da gaba. Idan ya gama, ɗaya ɓangaren ya bi wannan jeri. Motsi a turmi kashi ɗaya ne cikin uku na tafiyar zango: marar sulke yana cin ƙafa 40, mai rigar fata 30, mai ƙarfe 20, idan ana bin dokar nauyin kaya. Mai yin sihiri ba ya motsi a turmin da yake yin sa.

Sara, suka da harbi

Domin a san ko bugu ya samu, ana jefa mai ashirin. Littafin yana da jadawali, amma ga jaruman matakin farko lissafin ba ya buƙatar buɗe littafi: a cire lambar sulken abokin gaba daga 19, abin da ya rage shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Marar sulke mai lamba 9 ana samun sa da 10, mai sulke da 14, mai rigar ƙarfe da garkuwa sai da 17. Wannan 19 ɗin, wato abin da ake nema don a bugi mai lambar sulke sifili, shi ne aka taƙaita da THAC0, kalmar da ta yi suna a bugu na biyu na AD&D na 1989. Tana raguwa idan jarumi ya ci gaba: mayaƙi yana kan 19 daga mataki na 1 zuwa na 3, ya koma 17 daga na 4 zuwa na 6, sannan 14 daga na 7 zuwa na 9. Ƙananan dodanni ma daga 19 suke farawa, manya kuwa lambarsu tana sauka gwargwadon girmansu. Idan 20 ta fito bugu ya samu ko mene ne, idan 1 ce ya kuskure ko wane ne. Ninka rauni saboda 20 ta fito al'ada ce da mutane da yawa suke ƙarawa, amma ba ta cikin dokokin 1981, kuma alƙalin da zai ƙara ta ya tuna cewa dodanni sun fi jarumai yawan jifa, don haka su za ta fi amfana.

Ƙarfin jiki yana ƙara wa jifan gaba da gaba da kuma raunin da ya biyo baya, bisa ma'auni ɗaya da na zafin nama: ɗaya, biyu ko uku. A harbi kuwa zafin nama ne ke ƙara wa jifa, amma ba ya ƙara rauni. Ana harbi ne idan abokin gaba ya wuce ƙafa biyar. Kowane makamin harbi yana da tazara uku: a kusa ana ƙara ɗaya, a tsakiya ba a ƙara komai, a nesa ana rage ɗaya. Gajeren baka iyakokinsa ƙafa 50, 100 da 150, dogon baka 70, 140 da 210, mashin jifa 20, 40 da 60. Idan wanda ake harbi ya fake bayan wani abu, alƙali yana rage daga ɗaya zuwa huɗu gwargwadon mafakar. Ɓarawon da ya lallaɓo ta baya ba a gan shi ba yana samun ƙarin huɗu, raunin kuma a ninka shi biyu.

Wajen rauni akwai hanya biyu. Ta asali ita ce kowane makami mai shida ake jefa masa, wuƙa ce ko takobi. Ta biyu, wadda kusan kowa yake bi, ita ce ta bambantawa: wuƙa da kulki da majajjawa mai huɗu, mashi, kibiya, ƙaramin gatari da gajeren takobi mai shida, takobi da babban gatarin yaƙi mai takwas, takobin da ake riƙewa da hannu biyu mai goma. Wanda ya ɗauki makamin hannu biyu ya haƙura da garkuwa, kuma shi ne na ƙarshe wajen kai bugu saboda nauyin abin da ke hannunsa. Kwalbar mai da aka kunna aka jefa tana cin mai takwas har turmi biyu, kuma 'yan wasan da suka san abin da suke yi ba sa shiga rami ba tare da ita ba.

Yana da kyau alƙali ya san abin da waɗannan lambobi suke nufi a aikace. Gobilin, ɗan ƙaramin dodon da aka fi cin karo da shi da farko, lambar sulkensa 6 ce, don haka ana neman 13, wato sa'ar samu kashi 40 cikin 100. Shi kuma idan ya kai wa mayaƙi mai lamba 2 hari, sa'arsa kashi 20 ce kawai, amma a kan matsafi marar sulke kashi 55 ce. Idan matsafin nan makin ransa 3 ne, to fiye da kashi ɗaya cikin uku na hare-haren gobilin guda ɗaya tak za su kai shi lahira. Wannan ne ya sa jerin tafiya da tsayuwa a bakin ƙofa suka fi kaifin takobi amfani. A lungu mai faɗin ƙafa goma mutum biyu ne, ko uku idan an matsu, za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kuma yawan abokan gaba ba ya musu rana idan biyu ne kawai suke iya kaiwa gare ka.

Sihiri da jifan tsira

Matsafin matakin farko sihiri ɗaya yake da shi a rana, da ya sake shi kuma shi ke nan sai ya kwana ya sake haddacewa. Idan ɓangarensa bai riga ba, aka kuma ji masa rauni kafin lokacinsa ya zo, sihirin ya lalace kuma ya tafi kamar an yi shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake faɗa tun kafin jifan rige. Mafi ƙarfin abin da yake iya riƙewa a wannan mataki shi ne sihirin barci, wanda yake kwantar da ƙananan dodanni gwargwadon abin da masu takwas biyu suka nuna, ba tare da an ba su damar tsira ba, amma ba ya kama matattu masu tafiya ko manyan dodanni. Kibiyar sihiri ba ta kuskure, sai dai rauninta mai shida ne da ƙarin ɗaya. Firist ba shi da addu'ar warkarwa sai ya kai mataki na biyu, amma tun daga farko yana iya korar matattu: da masu shida biyu yana neman 7 a kan ƙwarangwal, 9 a kan gawa mai tafiya, 11 a kan maciyin gawa.

Akwai haɗurran da sulke ba ya karewa, kuma a kansu ne ake yin jifan tsira da mai ashirin. Gida biyar aka raba su: guba ko hasken mutuwa, ƙaramar sandar sihiri, shanyewar jiki ko komawa dutse, numfashin diragon (wani ƙaton dodo mai fukafukai), sai sauran sihiri. Mayaƙin matakin farko yana neman 12, 13, 14, 15 da 16 bi da bi. Wanda ya kai lambar ya tsira gaba ɗaya, ko kuma, idan wuta ce irin ta numfashin diragon, ya sha rabin raunin. Wanda ya kasa a kan guba yawanci mutuwa yake yi nan take, ko makin ransa nawa ne, saboda haka adalci ne alƙali ya bar alama a hanya, kamar saƙar gizo mai kauri ko gawar da ta kumbura, don mai lura ya lura.

Ƙarfin zuciya da gudu

Kowane dodo yana da lambar ƙarfin zuciya daga 2 zuwa 12. Ta gobilin 7 ce, tana komawa 9 idan sarkinsu yana tare da su. Ta ƙwarangwal 12 ce, ba ya gudu har abada. Ana gwada ta sau biyu: lokacin da na farko a cikinsu ya mutu, da lokacin da rabinsu suka faɗi. Alƙali ya jefa masu shida biyu, idan abin da ya fito ya wuce lambar, sai su gudu ko su miƙa wuya. Idan suka tsallake gwaji biyu, to sun yi niyyar mutuwa a wurin. Littafin ya sa wannan doka cikin na ganin dama, amma ni ban ga yadda wasan zai daidaita ba tare da ita ba, domin ita ce ke sa mutum huɗu su iya cin galabar mutum goma. Jaruman 'yan wasa ba a yi musu wannan jifa, su ke yanke wa kansu shawara, amma barorin da suka ɗauka haya ana yi musu.

Wanda yake son fita daga gumurzu yana da hanya biyu. Yana iya ja da baya yana fuskantar abokin gaba, da rabin saurinsa, ba tare da ya buɗe jikinsa ba. Ko kuma ya juya ya ranta a na kare da cikakken sauri, amma mai bin sa yana samun ƙarin biyu kuma garkuwa ba ta cikin lissafi. Idan dodanni suka biyo, akwai dabara: a zubar da abinci ga marasa hankali, a zubar da dukiya ga masu hankali, kuma idan mai shida ya nuna 1 zuwa 3 sai su tsaya kwasa. Mai da aka malala aka cinna wa wuta ma yakan tare hanya.

Ga misali daga farko zuwa ƙarshe. Ayari ne na mutum huɗu a lungu: mayaƙi mai lambar sulke 2 da ƙarin ɗaya na ƙarfi, firist mai lamba 4 da makin rai 5, ɓarawo mai gajeren baka da ƙarin biyu na zafin nama, sai matsafi mai makin rai 3 a bayansu. Suka ci karo da gobilin shida a tazarar ƙafa 40, biyu daga ciki da baka. Ba a shammaci kowa ba, jifan tarba ya ba da 4, gobilin suka ɗaga makamai. Matsafi ya ce zai yi sihirin barci. Jifan rige ya ba ayari 2, gobilin 5. Huɗu suka matso ƙafa 20, maharba biyu suka auna matsafi. Suna neman 10, da ƙarin ɗaya na kusanci, alƙali kuma ya rage biyu saboda mutanen da ke gabansa, don haka sai 11 ta fito. Ɗaya ya jefa 6, ɗaya 14. Kibiya ta ci maki 2, matsafi ya rayu da maki ɗaya, sihirin kuwa ya bi ruwa. Ɓarawo ya rama: 13 ake nema, ƙarinsa uku, ya jefa 11, raunin 5, gobilin mai maki 3 ya faɗi.

A turmi na biyu ayari ya riga, ɓarawo ya kuskure, mayaƙi da firist suka ƙi fita daga lungun. Gwajin zuciyar gobilin ya ba da 6, suka dake, suka iso, amma biyu kawai suka samu wurin tsayawa. Ɗaya ya jefa 12 a kan mayaƙi, a banza. Ɗaya ya jefa 16 a kan firist ya ci masa maki 3. A turmi na uku ayari ya sake riga: mayaƙi ya jefa 15, takobinsa ya ci 6, firist ya jefa 18 ya ci 4, gobilin biyu suka faɗi. Rabi ke nan sun tafi, alƙali ya jefa 9, ta wuce 7, sauran ukun suka watsar da makamai suka arce. Duka abin daƙiƙa talatin ne a cikin labari.

Bayan ƙura ta lafa

Ko faɗa ya yi gajarta, ana ƙidaya shi a matsayin zango guda, domin ɗaure rauni da goge makami da mayar da numfashi. Wannan ƙidaya tana da tasiri, saboda alƙali yana jefa mai shida bayan kowane zango biyu, idan 1 ta fito wasu dodanni masu yawo sun iso, man fitila kuma yana ƙonewa. Sai a raba makin gogewa. Gobilin ɗaya maki 5 ne kawai, alhali kowace tsabar zinari da aka fito da ita maki ɗaya ce, mayaƙi kuma yana buƙatar 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Idan da kisa kawai zai dogara, sai ya kashe gobilin 400 shi kaɗai. Ayarin da ya lallaɓa ya ɗauke akwatin dukiya ba tare da ya zare takobi ba ya fi wanda ya kwana yana sara samun ci gaba.

Rauni yana warkewa a hankali: maki ɗaya zuwa uku a kowace cikakkiyar ranar hutu a wuri amintacce, ko mai shida da ƙarin ɗaya daga addu'ar firist idan ya kai matakinta. A misalinmu, matsafi mai maki ɗaya ba tare da sihiri ba da firist mai maki biyu suna da hujjar neman a koma gari, ko da mayaƙi yana ganin ƙofa ɗaya ce ta rage. Idan kuwa wani ya mutu, mai shi ya ɗauki masu shida uku ya jefa su sau shida domin halayen sabon jarumi, ya zaɓi sana'arsa, ya sayi kayansa, alƙali kuma ya nemo masa hanyar shiga labari da wuri, ko a same shi ɗaure a ɗakin gaba, ko ya karɓi ɗaya daga cikin barorin da ke riƙe da fitila.